LIMAMI A MAKARANTAR GWAMNATI: KAFIN MU CE NA'AM, A AMSA MANA TAMBAYOYI HUƊU

Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawar matasa da iyayen tafiyarmu a Unguwa Uku, ƙaramar hukumar Tarauni



Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da suka baro ɗawainiyar gida suka zo, malamanmu, da ku matasa 'yan gwagwarmaya na Unguwa Uku, Gyadi-Gyadi, Tarauni, Darmanawa, Daurawa da sauran mazaɓu, ina yi wa kowa barka da yamma. Allah Ya saka da alheri.

An ba ni minti 20, kuma kun san tsohon malamin makaranta in ya riƙe lasifika sai an buga masa ƙararrawa. Saboda haka shugaba, in na zarce ka ja min riga.

Abin da ya kawo wannan magana kowa ya sani. Kwanakin baya wani ƙanenmu ya turo labari a zaurenmu na WhatsApp, cewa a Amurka an yi dokar da ta ba makarantun gwamnati damar ɗaukar malaman addini su zauna da ɗalibai. Ya rubuta a ƙasa cewa, yo in Amurka ta yi, mu Kano me muke jira? Me zai hana mu sa wannan a cikin buƙatun da za mu miƙa wa 'yan takararmu, a naɗa limami a kowace makarantar gwamnati, a riƙa ba shi albashi? Wallahi kafin sallar isha'i zauren ya kama da wuta. Wasu suka ce Allahu Akbar, wannan shi ne maganin daba da shaye-shaye. Wasu suka ce a bi a hankali. Ni ina cikin waɗanda suka ce a bi a hankali, har wani ya kira ni ɗan boko aƙida. Na yafe masa, kuma ga shi can zaune yana dariya. Yau na zo in faɗi dalilina a gaban kowa, wanda ya ga kuskure ya gyara min.

Mu fara da labarin kansa, domin da yawa kan labarin kawai suka karanta. A shekarar 2023 majalisar jihar Texas ta zartar da doka, gwamna Greg Abbott ya sa hannu, wadda ta ce makarantar gwamnati tana iya ɗaukar malamin addini aiki, ko ta karɓe shi a matsayin ɗan sa-kai, ya riƙa ba yara shawara da kwantar musu da hankali. Dokar ba ta ɗora masa sharaɗin mallakar takardar shaidar koyarwa ba. Aka ba hukumar makarantun kowane yanki wa'adi zuwa 1 ga Maris 2024 ta kaɗa ƙuri'a, za ta yi ko ba za ta yi ba. Kun san abin da ya faru? Yankuna 25 mafi girma a jihar duk suka ƙi buɗe wannan sabon shiri. Abin mamaki kuma, malaman addinin da ke irin wannan aiki a asibitoci da barikokin soja, su fiye da 100, su ne suka rubuta takarda suna cewa kada a yi, domin ba a horar da su aikin yaran makaranta ba. A 2024 jihar Florida ta yi tata dokar, amma ita ta ce sai da yardar iyaye. Ana gama sa hannu wata ƙungiya mai kiran kanta Haikalin Shaiɗan ta fito ta ce ita ma za ta tura nata malaman, tunda ƙofa a buɗe take ga kowa. Kun ji inda ake zuwa in an buɗe ƙofa ba a tsara wa zai shiga ba.

To, mu gane wani abu. Tun 1962 kotun ƙolin Amurka ta hana makarantun gwamnati jagorantar addu'a a hukumance. Su faɗansu na mayar da addini ne wurin da aka fitar da shi. Mu a Kano yaushe aka taɓa fitar da shi? Tun makarantar da Hans Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, Turawan mulki sun san in babu karatun addini babu uban da zai ba da ɗansa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a nan Kano, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, SAS da kuka sani, ta yaye alƙalai da malaman da suka cika Arewa. Yau ɗanka a makarantar gwamnati da addu'a ake buɗe masa taron safe. Yana da darasin addinin Musulunci a jadawali. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa tun 1954. Makarantu da yawa suna da masallaci ko filin sallah. In ya tashi ya ci abinci sai Islamiyya, wani ma da makarantar dare. Jihar nan tana da hukuma sukutum mai kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakinmu ba ta wajen wa'azi yake yoyo ba.

Amma fa kada a ce na raina damuwar masu wannan shawara. Damuwarsu gaskiya ce, kuma ni ma tana hana ni barci. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 na mutanen Kano masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, mutum sama da miliyan ɗaya ke nan. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta yi wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a garin nan. Ba sai na ba ku labarin ƙwacen waya ba. Wa ke iya fito da wayarsa da daddare a bakin titin Zariya hankali kwance? Kuma waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yanmu ne, da yawansu sun zauna a azuzuwanmu. Uwa in ta ce a kawo malami ya riƙe min ɗana, tana da hujja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru da ni lokacin ina koyarwa, ba zan faɗi makarantar ba. Akwai wani yaro a ajina, kullum barci. An yi masa bulala, an sa shi tsallen kwaɗo, malamin addini ya yi masa nasiha a kan lalaci har sau uku. Duk a banza. Rannan na tsare shi bayan an tashi, na sayo mana ƙosai, muka zauna a gindin bishiya. Sai da muka kusa cinyewa ya buɗe baki. Ashe mahaifinsa ya rasu, shi ne babba, dare yake kwana yana dako a tasha, kuma wani ya fara ba shi ƙwaya wai don kada ya ji gajiya. Yaron nan ya haddace izu goma. Ya san haram ya san halal sarai. Abin da ya rasa shi ne babba ɗaya da zai tambaye shi, me ke damunka, ya kuma tsaya ya ji amsar. Shekara biyu yana ajin, yara sun haura ɗari, ni kaina ban tambaye shi ba sai ranar. Wannan laifin har yau ina jin nauyinsa.

Saboda haka ni ban ce kada malami ya shiga makaranta ba. Cewa na yi, kafin mu ɗauki wannan magana mu kai gaban hukuma da sunan tafiyarmu, a amsa mana tambayoyi huɗu.

Tambaya ta farko, limamin wa? Mu daina ɓoye wa juna, a nan cikin rumfar nan akwai ɗan Izala, akwai Batijjane, akwai Baƙadire, kuma lafiya lau muke tafiya tare domin siyasa ce ta haɗa mu. Yanzu a ce an turo limami makarantar da ke unguwarku. Watan Rabi'ul Awwal ya kama. Zai ce wa yara a yi Maulidi ko kada a yi? Yaro ya tambaye shi ƙabalu ko sadalu, me zai ce? Duk amsar da ya bayar, rabin iyayen yaran za su tashi. Malamin darasin addini yana da manhaja a rubuce, in ya kauce akwai shugaban makaranta, akwai mai duba malamai. Limamin da aka ce aikinsa nasiha, wace manhaja za a riƙe shi da ita? Garin da ya ga abin da ya faru a 'Yan Awaki a watan Disambar 1980, inda rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000, bai kamata a koya masa hatsarin damƙa wa mutum yara ba tare da an san abin da yake faɗa musu ba.

Tambaya ta biyu, ina ɗan Kirista? Na san wani zai ce su nawa ne? Ko ɗaya ne, ɗalibi ne, kuma ubansa yana biyan haraji. A Tarauni da Hotoro da Gyadi-Gyadi muna da maƙwabta ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan kasuwa, ga kuma 'yan uwanmu Hausawa Kiristoci 'yan asalin jihar nan a kudancin Kano. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Kafin wani ya ce wannan dokar bokoko ce, ku tsaya ku ji. Wannan sashe na 38 ɗin shi ne garkuwar 'ya'yanmu a Kudu. Da shi aka kare 'yan mata Musulmi a Legas, aka yi ta shari'a tun daga babbar kotu a 2014, kotun ɗaukaka ƙara a 2016, har ranar 17 ga Yunin 2022 kotun ƙoli ta tabbatar musu da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnati. Kun tuna a watan Fabrairun 2021 sai da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a Ilori saboda rigimar hijabi. Yanzu ku ɗauka wata jiha a Kudu ta ce ta ga abin da Kano ta yi, ita ma za ta sa fasto a kowace makaranta. Ɗan mai shayinmu da ke Fatakwal, 'yar mai canjinmu da ke Anaca, wa zai zauna da su a ofis? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duk dokar da za mu nema, mu auna ta da ɗanmu da ke zaune a inda mu ne 'yan tsiraru.

Kuma mun ga yadda ƙaramin abu ke tayar da ƙura a ƙasar nan. Da aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa ɗaya da wasu darussa a manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ƙasar nan ta ɗauki zafi a 2017, kowane ɓangare yana zargin an yi ne don a danne shi, har sai da ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da umarnin a raba su, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Wannan fa darasi ne kawai a takarda.

Tambaya ta uku, wa zai tantance shi? Iyayenmu mata, wannan taku ce. Aikin da ake magana a kai aiki ne na shiga ɗaki da yaro ko yarinya, a rufe ƙofa, a ji sirrinsu. Rawani da gemu ba su ne shaidar amana ba, haka ma kwat da takardar digiri. Garin nan bai manta da Hanifa ba, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu, wanda iyayenta suka amince wa, ya sace ya kashe, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022. Malamin aji aƙalla doka ta ce sai yana da NCE, sai ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Shi wannan da za a kawo, wa ya san tarihinsa? In yarinya ta gaya masa wani a gida yana lalata da ita, ya san inda zai kai maganar, ko zai ce ta yi haƙuri a rufa asiri? In yaro ya ce yana jin ya kashe kansa, ya san wannan ciwo ne da ake kai wa likita a asibitin Malam Aminu Kano da ke nan kusa da mu ko asibitin Dawanau, ko zai tsaya a tofi kaɗai? Addu'a makami ce, babu mai musu. Amma wanda ƙafarsa ta karye ana yi masa addu'a ana kuma kai shi wurin mai ɗori.

Tambaya ta huɗu ita ce mai ɗaci, domin mu ta shafa. Wa zai naɗa, kuma da kuɗin wa? Ranar 8 ga Yunin 2024, da gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce yara sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su yi karatu, kuma akwai makarantu 400 da malami ɗaya tak ke riƙe da kowacce. Ko kana tare da shi ko ba ka tare da shi, wannan lissafi ne da ya fito daga gidan gwamnati. A irin wannan hali, in an samu kuɗin ɗaukar mutum ɗaya a makaranta, wa za a fara ɗauka? Sannan mu 'yan siyasa mun san halinmu. Ranar da aka ce ga guraben limaman makarantu, a ranar za a fara rabo: kansila biyu, ciyaman biyar, ɗan majalisa goma, shugaban jam'iyya na mazaɓa ɗaya. Wa zai samu? Malamin da ya yi mana addu'a a wurin kamfen. Shekara huɗu ta zagayo, wasu suka hau, sai su sallami namu su kawo nasu. Yaro yana kallo, limamin bara ɗan wata jam'iyya ne, na bana ɗan wata. Wallahi in muka yi haka mun zubar da mutuncin malamai a idon yaran da muke son su gyara. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa mu ba za mu yi ba. Za mu yi, sai dai in tun yanzu mun ɗaure hannunmu da ƙa'ida.

Wani zai ce ai sojojin Najeriya suna da limamai da fastoci masu albashi, ba a kuma yi rigima ba. Haka ne. Amma soja baligi ne, yana bariki ko fagen daga nesa da masallacin unguwarsu, kuma limamin nasa an horar da shi, yana da igiya, yana da na gaba da shi da zai hukunta shi. Wanda ya fi kama da soja a cikin ɗalibanmu shi ne ɗan makarantar kwana, irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da yake wata da watanni ba ya gida. A can kam akwai buƙatar mai jan sallah da mai kula da tarbiyya, kuma tun da can malaman addinin makarantar ne ke riƙe da wannan. Ɗan jeka-ka-dawo da ke Unguwa Uku kuwa, tsakaninsa da limami taku kaɗan ne.

To me nake ba da shawara mu nema? Abu biyar.

Na ɗaya, a cike gurbin malaman darasin addini da ƙwararru a kowace makaranta, ta hanyar jarrabawa a fili. Muna da ɗaruruwan matasa da suka gama Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci da Jami'ar Bayero suna zaune ba aiki. Inda akwai ɗalibai Kiristoci a ba su malaminsu.

Na biyu, a farfaɗo da ofishin ba da shawara ga ɗalibai, wanda manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da tanadarsa amma a makarantu da yawa sai dai allo a jikin ƙofa. In malamin addini yana son wannan aiki, madalla, a tura shi horo ya samu shaida, sai ya haɗa biyun.

Na uku, 'yan mata mace ce za ta saurare su. Muna da malamai mata masu ilimi a Islamiyyun matan aure na kowace unguwa.

Na huɗu, duk malamin da zai shigo daga waje ya yi wa'azi ko nasiha, sai kwamitin iyaye da malamai ya amince, iyaye su san sunansa, a fili zai yi magana, kuma yaron da ubansa bai yarda ba kada a tilasta shi, kada a kuma goranta masa.

Na biyar, babu siyasa, babu zagin wata ɗariƙa ko ƙungiya a harabar makaranta. Wanda ya karya, a sallame shi ko ɗan gidan wa ye, ko da namu ne.

Sannan ga aikin da nake roƙon matasa. Tarauni mazaɓa goma gare ta. Kowace mazaɓa ta fitar da mutum uku, har da mace ɗaya, su je makarantun gwamnatin da ke yankinsu cikin ladabi, su gaida shugaban makaranta, su tambaya: yara nawa ne, malaman addini nawa ne, akwai mai ba ɗalibai shawara, yana da ofis? A rubuto a kawo mana a zama na gaba. In muka tashi zuwa gaban ɗan takara ko ɗan majalisa, da takarda za mu je a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanena da ya kira ni ɗan boko aƙida, ga amsata. In ka kawo min amsar tambayoyin nan huɗu, ni zan fara sa hannu a takardarka. Kafin nan, ina roƙon ka shiga cikin mutum ukun mazaɓarku.

Shugaba na ga ka fara kallon agogo. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, a yafe ni. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba malamanmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da Kano da Najeriya lafiya.